Zan karɓi reshen gidan abinci a hannun mai shi, uwar kamfani ta ce sai na yi horo tukuna

Sadau_Kaduna
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar faranchayis, irin shagunan nan da mutum ke buɗewa da kuɗinsa amma da suna da tambarin wani babban kamfani. Akwai wani Alhaji a nan Kaduna da ke da reshen wani gidan abinci, na soyayyar kaza da shinkafa. Zai koma Abuja da iyalinsa, yana so ya sayar, kuma mun daidaita a kan farashi. Shago na tafiya, ma'aikata na nan, manaja na nan, masu saye na shiga. Da muka sanar da uwar kamfanin a Legas sai suka aiko da takarda cewa ba za su amince da canjin hannu ba sai na yi horon sati shida a wurinsu, wani a aji, wani a kicin da kan kanta tare da ma'aikata, sannan in ci jarrabawa. Kuɗin mota da masauki da abinci duk a kaina, ga kuma kuɗin canjin suna daban.

Ni dai na daɗe ina sarin kayan masarufi, na san lissafi, na san riƙe yara. Da sabon shago zan buɗe da sai in ce to, amma wannan ai a kan ƙafarsa yake. Shin horon nan doka ce ta wajabta shi, ko dai hanyar karɓar kuɗi ce? Kuma ba zan iya tura manaja ya yi a madadina ba?

Dan_Kwari77
Wa alaikumus salam. Malam Sadau, ni ban ga dalili ba. Ciniki tsakaninka da Alhaji ne, shi ya sa kuɗinsa ya kafa wurin, shi ke da ikon sayarwa. Mutumin da ke juya tirelar shinkafa da sukari, soya kaza ne zai gagare shi? Ka ce musu manaja zai zo, in sun ƙi ka san kuɗinka suke so.

Barista_Zazzau
Wa alaikumus salam. Alhaji Dan_Kwari, ka yi haƙuri, a nan ba haka abin yake ba. Abin da mai sayarwa ya mallaka shi ne tukwane, firiza, janareta, kujeru da ragowar wa'adin hayar gini. Sunan da ke saman ƙofa ba nasa ba ne. Aronsa aka ba shi bisa yarjejeniya, kuma da wuya ka ga yarjejeniya irin wannan da ba ta ce ba zai miƙa wa wani ba sai da rubutaccen izinin kamfani. A ƙarƙashin wannan sharaɗin ake jero abin da za a cika: a tantance mai saye, ya kammala horo, a biya kuɗin canjin suna, tsohon mai reshe ya sauke duk bashin da kamfani ke binsa, wani lokaci har a ce sai an gyara shagon ya dace da sabon fasalinsu.

Malam Sadau, batun doka kuwa, babu dokar ƙasa da ta ce mai sayen gidan abinci ya je Legas ya yi sati shida. Yarjejeniya ce ta ce, kotu kuma da abin da mutane suka sa wa hannu take aiki. Hukumar NOTAP mai kula da shigo da fasaha daga waje, da aka kafa a 1979, tana rajistar irin wannan yarjejeniya ne idan mai sunan kamfanin ƙasar waje ne. In naka na gida ne, ba ta wurinta za ka bi ba.

Ka nemi kofen yarjejeniyar Alhaji ku karanta da lauyanka. Kuma don Allah kar ka biya cikon kuɗi kafin takardar amincewa ta fito. In ka biya suka ƙi ka, kicin kawai ka saya, za su zo su sauke allonsu.

Sadau_Kaduna
Barista na gode. Kafin alƙalami kawai na bayar, ban biya sauran ba.

Bakano_a_Houston
Yallaɓai Sadau, sati shida ai sauƙi aka yi maka. Bari in ba ka misalin McDonald's a nan Amurka, don su ne aka fi sani da tsauri. Yawancin waɗanda ke shiga harkarsu ba sabon shago suke ginawa ba, tsoho suke saye a hannun wani mai reshe, daidai da abin da kake shirin yi. Duk da haka horonsu kan ɗauki watanni masu yawa, a cikin gidan abinci na gaske, ba a biyanka albashi, kuma ba a yi maka alƙawarin cewa in ka gama lalle za ka samu shago ba. Za ka soya dankali, ka goge ƙasa, ka rufe lissafin dare, ka riƙe ma'aikatan safe da na dare. Suna da makarantarsu ta musamman, Hamburger University, tun 1961 aka fara ta a Elk Grove Village cikin jihar Illinois, a ɗakin ƙasa na wani shagonsu, yanzu tana hedikwatarsu a Chicago. Kuma sharaɗinsu ne mai shago ya tsaya a kan shagonsa da kansa. Wanda zai zuba kuɗi ya koma gida yana jiran riba ba shi suke nema ba.

Abin da nake so a tsarin nan shi ne ba a ɓoye maka. Hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci a Amurka ta wajabta wa kamfani ya ba mai son shiga wani kundi mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. Sashe na 11 yana da jadawalin horo: darasi kaza, awa kaza a aji, awa kaza a bakin aiki, a gari kaza. Sashe na 17 ya yi bayanin sharuɗɗan sayarwa ga wani. Sashe na 20 kuma yana ɗauke da sunayen masu rassa da waɗanda suka fita, ka kira su ka tambaye su da kanka.

Hajiya_Columbus
Bakano, gyara kaɗan ɗan'uwa. Wancan kundin ba kowane lokaci doka ke tilasta a ba wanda ya sayi tsohon reshe ba. Idan ciniki tsakanin tsohon mai reshe ne da mai saye, kamfani bai yi komai ba illa cewa na yarda ko ban yarda ba, dokar FTC ba ta ɗaukar wannan a matsayin kamfani ne ya sayar. Sai dai da yake yawancinsu sukan sa mai saye ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya, sai su bayar. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwanmu masu sayen tsohon shago su nema da bakinsu, kar su zauna jira.

Bakano_a_Houston
Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara sani.

Ummu_Haidar
Salamu alaikum. Ni manaja ce a wani gidan abinci irin wannan a Abuja, kuma na ga canjin hannu da idona. Malam Sadau, abin da ka ce na cewa da sabon shago ne da ka yarda, ni a wurina akasin haka ne. Mai karɓar tsohon shago ya fi mai buɗe sabo bukatar horo.

Mai sabon shago shi da ma'aikatansa tare suke farawa, kamfani ya turo mutanensa su tsaya a kansu, kowa ya koyi abu ɗaya. Kai kuwa za ka shiga wurin da kowa ya riga ka. Mai suya yana da yadda ya saba, mai sito yana da yadda ya saba, kashiya tana da nata. Wasu abubuwan daidai suke da kundin aikin kamfani, wasu kuwa gajerun hanyoyi ne da suka shigo a hankali lokacin da hankalin Alhaji ya fara komawa Abuja. Idan ba ka san ƙa'idar asali ba, a wurin wa za ka koya? A wurinsu. Duk abin da suka nuna maka shi zai zama daidai a idonka, har ranar da masu duba rassa za su zo daga Legas su rubuta maka laifi a kan abin da ba ka ma san laifi ba ne.

Kuma ba soya kaza kawai ake koyarwa ba, Alhaji Dan_Kwari. Ana koya maka cewa tsakiyar naman kaza sai ya kai digiri 74 a ma'aunin zafi kafin a ce ya dahu, kuma da ma'auni ake dubawa, ba da ido ba. Ana koya maka cewa tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa a abinci, don haka shinkafar da ta zauna a wannan yanayin ta wuce lokacinta zubarwa ake yi, ko da tana ƙamshi. A ƙasarmu da wuta ke ɗaukewa, sai ka san me za ka yi da kajin da ke firiza in janareta ya tsaya cikin dare. Yaushe ake canza man suya. Yadda kayan da suka riga shigowa sito za su riga fita. Katan ɗaya na kaza faranti nawa ya kamata ya bayar, buhun shinkafa faranti nawa.

Wannan na ƙarshen shi ne kuɗinka. A sari, buhu ya shigo buhu ya fita, in ɗaya ya ɓata ka gani. A gidan abinci kaya sukan shigo ɗanye su fita dafaffe, tsakanin nan kuwa riba ke zurarewa, cokali-cokali. Mai shagon da bai taɓa tsayawa a kicin ba, ba zai gane ba sai ƙarshen wata.

Dan_Kwari77
To ai shi ya sa ake ɗaukar manaja irinki, Hajiya. Ni in sayi shago kuma in koma ina goge ƙasa?

Ummu_Haidar
Alhaji, in manajan ya ajiye aiki wata biyu bayan an miƙa maka fa? Hakan na faruwa sosai, don wasu manajojin saboda tsohon mai gida suke zaune. Kuma wa zai duba aikin manajan?

Likitan_Unguwa
In ƙara a kan maganar Ummu_Haidar. A 1993 kamfanin Jack in the Box a Amurka ya shiga masifa saboda naman da bai gama dahuwa ba. Sama da mutum 700 suka kamu da cutar E. coli, yara huɗu suka rasu. Rassan da ba su da hannu a ciki ma sai da ciniki ya faɗi a wurinsu, don mai saye suna ɗaya yake gani a allo. Wannan ne ya sa kamfani ba zai ɗauki maganarka cewa ka iya ba. In yaro ya ci abinci a reshenka na Kaduna ya kwanta asibiti, mai reshen Fatakwal ma zai ji a jikinsa. Kuma kar ka manta da gwajin lafiyar masu taɓa abinci. Ka duba takardun ma'aikatan da za ka gada, ka ga yaushe aka yi musu na ƙarshe.

Dila_Funtua
Mu a harkar gidan mai haka abin yake, har ma ya fi. In za ka karɓi gidan mai mai ɗauke da sunan babban kamfani, sai sun tantance ka a matsayin dila, sai ka zauna an koya maka. Bayan na kamfani akwai na hukuma: horon kiyaye haɗari da ake kira MISTDO, wanda tsohuwar hukumar kula da harkar mai ta DPR ta kawo, yanzu kuma yana hannun hukumar NMDPRA da ta gaje ta a wannan ɓangaren tun bayan dokar man fetur ta 2021. Lokacin da na karɓi nawa na riga na daɗe ina sayar da mai, amma a horon ne aka zaunar da ni a kan yadda ake sauke tanka: a kashe inji, a haɗa wayar ƙasa, a bar mai ya natsu, a auna, a gwada ko akwai ruwa a gindin tanki, a tabbatar ba a juye man dizal a tankin fetur ba. Kuma aka nuna min yadda zan haɗa awon tanki da abin da mitar famfo ta nuna kullum. Tsohon gidan mai yana iya samun tanki mai yoyo a ƙarƙashin ƙasa, in ba ka iya wannan lissafin ba sai ka yi ta zargin yara da sata alhali ƙasa ce ke shanyewa.

Auwal_POS
Yallaɓai Dila, don Allah shi MISTDO ɗin har masu sayar da gas ɗin girki ya shafa? Ina shirin buɗe ƙaramin wuri a Gusau.

Dila_Funtua
Ka je ofishin NMDPRA na jiharku ka ce musu ga girman wurin da kake so, za su ba ka jerin abin da ake bukata. Kar ka fara gini kafin ka je.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a a koma kan tambayar Malam Sadau. Mai son maganar gas ya buɗe tasa daban.

Gaskiya_Daya
Kowa na yabon horo, bari in faɗi ɗaya ɓangaren. Na taɓa karɓar reshen wani kamfanin wanki da guga, aka karɓi kuɗin horo mai yawa. Da na je, bidiyo aka kunna mana, aka raba mana takardu, wanda ya kamata ya koyar da mu rabin lokacin yana waya. Babu wanda ya taɓa inji. Ranar da na karɓi shago babu ko mutum ɗaya daga kamfani da ya zo. Don haka tambayar Dan_Kwari ba ta banza ba ce, akwai masu mayar da horo hanyar tatsa.

Malam Sadau, ka ce su ba ka jadawalin sati shidan a rubuce. Me za a koyar kowane mako, wa zai koyar, a wane reshe za ka yi aiki. Ka tambaye su in ka faɗi jarrabawa me zai biyo baya, za a sake maka ko shi ke nan. Ka tambaya ko za su turo mutum ya zauna da kai a Kaduna makon farko. Kamfanin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyin ba. Sannan ka nemi wani da ya karɓi tsohon reshe a wurinsu, ba wanda ya buɗe sabo ba, ka ji ta bakinsa.

Dan_Kwari77
Yauwa, Allah ya yi maka albarka. Mu a Kwari yaro yakan yi shekaru a shagon ubangidansa, ya koyi atamfa da shadda da halin 'yan sari, ranar da za a yaye shi ubangida ne ke ba shi jari. Ba a taɓa cewa yaro ya biya kuɗin koyo ba. Su waɗannan ka saya da kuɗinka, ka biya kuɗin canjin suna, ka biya na horo, kowane wata kuma ka ba su kaso daga cinikinka.

Akanta_Bauchi
Alhaji, misalinka ai ya goyi bayan horon. Ba ka taɓa miƙa wa mutum makullin shago da sunanka a kai don kawai ya zo da kuɗi ba, sai wanda ka ga aikinsa. Inda nake tare da kai shi ne kuɗin, kuma wannan ana ciniki a kansa. Sau da yawa kuɗin canjin suna a kan mai sayarwa yarjejeniya ta ɗora shi, sai shi kuma ya turo wa mai saye. Malam Sadau ya duba wa aka rubuta.

Abubuwan da ban ga an taɓo ba. Wa zai riƙe shagon lokacin da kake Legas? In Alhaji ya riga ya tattara ya tafi, wurin zai zauna sati shida babu mai shi, kuma abin da za ka tarar ba shi ka yi ciniki a kai ba. A rubuta cewa yana nan har ranar miƙawa, a ƙirga kayan sito a ranar, ba yau ba. Sannan kayan shagon kake saye ko kamfanin Alhaji da ke rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni? In kamfanin ne, bashinsa na haraji da kuɗin fanshon ma'aikata da bai zuba ba duk sun zama naka. Kuma kar wani ya ba ka shawarar ku sayi hannun jarin kamfanin Alhaji a ɓoye don ku kauce wa horo. Yawancin yarjejeniyoyi sun ɗauki canjin masu kamfani a matsayin sayarwa.

Maman_Sultan
Ni tambayata ta ɗan bambanta, ku yi haƙuri. Surukina Allah ya yi masa rasuwa ya bar reshe irin wannan. Kamfani ya ce ko ɗansa ne zai ci gaba sai ya yi horo an amince da shi, in ba haka ba a sayar wa wanda suka yarda da shi cikin wa'adin da suka ɗiba. Abin ya yi wa dangi ciwo ƙwarai. Gado ne fa. Yaron nan tun yana sakandare yake zuwa shagon.

Barista_Zazzau
Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Abin da ciwo, amma haka yawancin yarjejeniyoyin suke. Magada sun gaji dukiyar da darajar shagon, wannan babu mai taɓa musu. Izinin aiki da sunan kamfani kuwa an ba mamacin ne saboda shi aka tantance. In yaron ya san aikin kamar yadda kika ce, horon ba zai ba shi wahala ba. Abin da zan ce ku kula da shi shi ne wa'adin, ku rubuta musu da wuri cewa ga wanda dangi suka tsayar, kar lokaci ya ƙure ana jiran rabon gado.

Bakano_a_Houston
Amin. Ko McDonald's a 2022 sun sanar cewa 'ya'ya da matan masu rassa za a riƙa auna su da ma'aunin da ake auna kowane sabon mai nema. Masu rassa da yawa a nan ba su ji daɗi ba, don wasu iyalan sun yi shekaru suna miƙa wa 'ya'yansu.

Almajirin_Malam
Allah ya gafarta masa. Ta fuskar addini, Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alƙawura, kuma ya zo a hadisi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sharaɗin a koyi aiki kafin a karɓa bai yi ko ɗaya ba. Mamacin da ya sa hannu ya san da shi. Yadda za a ƙiyasta darajar shagon a raba wa magada kuwa, wannan a zauna da malamin da ya san rabon gado tare da wanda ya san lissafin kasuwanci.

Ina da tambaya ga 'yan'uwa na Turai da Amurka. In horon ya haɗa da dafa naman alade fa?

Hajiya_Columbus
Malam, wannan ita ce tambayar da ya kamata mutum ya yi tun kafin ya fara maganar farashi. In yana cikin jerin abincin kamfani, za ka dafa shi a horo, za ka sayar da shi a shago, ba ka da ikon cire shi don kanka. A Ingila akwai rassan KFC da na Subway da aka ware na halal, amma kamfani ne ke yanke wane reshe, ba mai saye ba. Shi ya sa 'yan'uwa da dama a nan suke karkata ga harkar aika kaya, gyaran mota, share-share ko koyar da yara. Su ma duk da horonsu, sai dai babu wannan damuwar.

Dan_Maradi_Lyon
Sallama gare ku. A nan Faransa akwai dokar da ake kira Doubin, ta 1989, wadda ta ce a ba mutum takardar bayani kwana 20 kafin ya sa hannu. Amma abin da zai amfani Malam Sadau shi ne yadda alƙalan nan ke kallon lamarin. A wurinsu, koyar da sirrin sana'a wajibi ne a kan kamfani, yana cikin abin da ya sa ake biyansa. In ta tabbata babu wani ilimin kirki da ya miƙa, ana iya rushe yarjejeniyar. To ka ga horo ba nauyi ne a kanka kai kaɗai ba, haƙƙinka ne. Abin da Gaskiya_Daya ya ba da labari, kamfanin ne ya ci bashinsa. Ka je da niyyar karɓar abin da ka biya, ka tambayi komai, ka rubuta komai.

Gaskiya_Daya
Dan_Maradi, a can kenan. A nan kafin kotu ta yanke hukunci shagon ya rufe.

Sadau_Kaduna
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na kira su na yi tambayoyin da Gaskiya_Daya ya ce. Sun turo jadawali, sati biyu a aji, huɗu a wani reshensu. Manaja zai iya zuwa tare da ni amma ba a madadina ba. In mutum ya faɗi jarrabawa ana sake masa sau ɗaya. Sun ce za su turo mutum ranar miƙawa, amma ban ga wannan a rubuce ba.

Sai dai da muka karanta yarjejeniyar Alhaji da lauya, mun tarar saura ƙasa da shekara biyu ta ƙare, kuma in za a sabunta sai an gyara shagon gaba ɗaya. Alhaji bai faɗa min ba, ya ce shi ma ya manta. Yanzu kuma yana so in ba shi rabin kuɗi kafin in tafi Legas, wai akwai wani mai so.

Barista_Zazzau
To ka ga amfanin karatu. Abu biyu. Ka nemi kamfani su gaya maka a rubuce ko ragowar wa'adin Alhaji za ka gada ko sabuwar yarjejeniya za su ba ka, da kuma kiyasin gyaran. Wannan kuɗin gyaran a cire shi daga farashi, ko aƙalla a raba. Rabin kuɗin kuma kar ya shiga hannunsa. A ajiye a wurin lauyan da ku biyu kuka yarda da shi, da sharaɗin in kamfani ya amince a sakar masa, in bai amince ba a dawo maka da abinka. Ka kuma duba ko kamfani na da haƙƙin riga kowa saye a farashin da kuka daidaita. In yana da shi, su rubuta cewa sun janye kafin ka kashe kuɗin tafiya.

Dan_Kwari77
Barista, Alhajin da ke gaggawar tafiya ba zai yarda kuɗinsa su kwanta a wurin lauya wata biyu ba. Zai sayar wa wancan.

Akanta_Bauchi
Wancan ɗin ma sai ya yi sati shidan, Alhaji. Babu mai sayen da zai fi Malam Sadau sauri, shi da ya riga ya fara magana da kamfani.

Maman_Sultan
Barista na gode, mun tura musu takardar jiya. Malam Sadau, in ka je don Allah ka gaya mana yadda jarrabawar take, rubutu ne ko aiki, don yaronmu ya shirya.

Ummu_Haidar
Maman_Sultan, a wurinmu duka biyun ne, kuma na aikin ya fi nauyi: a ba ka kicin da ma'aikata a lokacin cunkoso a ga yadda za ka yi. Malam Sadau, ka roƙi a sa ka aikin rufe shago da dare da na karɓar kaya da asuba, kar su bar ka a na rana kawai. Kuma ban goyi bayan ka tafi da manajan lokaci ɗaya ba. In ku biyu kuna Legas, Alhaji kuma hankalinsa na Abuja, wa ya rage a shagon? Ka tambaye su ko zai iya zuwa bayan ka dawo.